Bernard Fagg: Jami'in gwamnatin da ya gane darajar kan yumɓun da ake korar tsuntsaye da shi

A wajajen shekarar 1943, leburorin da ke haƙar kuza kusa da Jama'a, a ƙasar Kudancin Kaduna ta yau, sun ci karo da wani kan mutum na gasasshen yumɓu a can ƙarƙashin ƙasa. Malamin da ke kula da wurin haƙar ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumin korar tsuntsaye da dabbobi. Kan ya yi kusan shekara guda yana shan rana da ruwan sama kafin manajan kamfanin ya gan shi, ya karɓa, ya kai shi Jos, ya nuna wa wani ƙaramin jami'in mulki da aka san shi da sha'awar tsofaffin kaya. Wannan jami'i shi ne Bernard Fagg, kuma abin da ya fahimta a jikin wannan kai ya sauya yadda duniya ke karanta tarihin Afirka ta Yamma.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Bernard Evelyn Buller Fagg ranar 8 ga Disamba, 1915, a unguwar Upper Norwood da ke kudancin Landan. Mahaifinsa mai sana'ar sayar da tsofaffin littattafai ne, don haka shi da yayansa William sun taso ne a cikin takardu. William, wanda aka haifa a 1914, daga baya ya zama babban jami'i a Gidan Tarihin Birtaniya, ya kuma yi suna wajen nazarin sassaƙa da ƙira na Yarbawa da na Bini. Shi kuwa Bernard ya yi makarantar Dulwich, ya wuce Kwalejin Downing ta Jami'ar Cambridge, inda ya karanta tsofaffin harsunan Girka da Rum, ya haɗa da ilimin tono kayan tarihi da na nazarin al'ummomi.

A 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya shiga aikin mulkin mallaka aka turo shi Jos. Yaƙin ya janye shi zuwa Gabashin Afirka cikin rundunar sojoji, kuma a Kenya ya haɗu da Catherine Davidson, wadda ya aura a 1942. Ita ce ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Jos ɗin da ya komo ya tarar gari ne da kuza ta mamaye. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato da kewayenta. Aka riƙa ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ana kai su ramuka, abin da talakawa suka raɗa wa suna ɗiban gwamna, kuma mutane da yawa sun mutu a wannan aiki saboda yunwa da sanyi da cuta. Jirgin ƙasan da ya ratsa Kafanchan da Zonkwa ya kwashi leburori da hatsi da kuza. Da farko dai wannan haƙa ta neman kuza ce ta fito da kayan da Fagg ya yi suna da su, kuma hannuwan leburorin da littattafan tarihi ba su cika tunawa da su ba ne suka fara ɗago su daga laka.

Kai biyu, hannu ɗaya

Da Fagg ya riƙe kan Jama'a, sai ya tuna da wani ƙaramin kai mai kama da na biri da ke ajiye a ɗakin kayan Ma'aikatar Ma'adinai a Jos. An tono shi tun 1928 kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar mutanen Ham, a wurin haƙar da wani Bature mai suna Kanar Dent Young ke da hannu a ciki, kuma ya yi shekara 15 a ajiye ba wanda ya ba shi muhimmanci. Fagg ya jera su biyun, ya ga yumɓun iri ɗaya ne, mai gauraye da tsakuwa, gashin iri ɗaya, fasalin aikin kuma na nuna cewa masu ginin sun sha daga rijiya guda, duk da nisan da ke tsakanin wuraren da aka same su.

Daga nan ya tafi Nok da kansa. Ya zagaya ramukan kuza, ya roƙi manajoji da malaman haƙa da leburori cewa duk wanda ya ga guntun yumɓu mai siffa kada ya fasa, kada ya jefar, ya ajiye masa, ya kuma lura da zurfin da aka same shi. Kafin wannan roƙo, irin waɗannan kaya sukan bi ruwan wankin kuza su farfashe, ko a watsar da su cikin tarin ƙasa. A 1945 ya buga rahotonsa na farko a mujallar Africa da ake fitarwa a Landan. Da kaya suka ci gaba da fitowa, daga ƙasar Jama'a har zuwa Katsina-Ala a kudancin Binuwai, sai ya sa wa al'ummar da ta yi su sunan ƙauyen da aka fara samun su. Haka sunan Nok ya shiga littattafan makarantu a ko'ina cikin duniya.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗaya daga cikin waɗannan kawuna zai gane abin da ya ja hankalinsa. Idanun suna da kusurwa uku ko siffar rabin wata, an huda ƙwayar idon, an huda hanci da kunne, wani lokaci har da baki. Cikin kan rami ne, domin an gina shi ne kamar yadda mata ke ginin tukunya, ana ɗora murɗaɗɗen yumɓu bisa wani, kuma hudojin suna barin iska mai zafi ta fita lokacin gashi don kada ya tsage. Akwai kitso da tukkaye iri-iri, da tsakiya da duwatsun wuya da mundaye, kowanne an fito da shi dalla-dalla. Gasa abu mai girman kan mutum a buɗaɗɗiyar wuta ba tare da ya fashe ba aiki ne da sai gwanin da ya gaji gwanaye. Zuwa 1977 an tattara irin waɗannan kaya sama da 150 daga wuraren haƙar ma'adinai.

Daga ofishin Di'o zuwa gidan tarihi

A lokacin, duk harkar kayan tarihin Najeriya tana hannun mutum guda ne, Kenneth Murray, tsohon malamin zane da aka naɗa mai binciken kayan tarihi a 1943. Fagg ya ci gaba da aikin mulki yana tono a lokacin hutunsa, kamar wanda ya yi a kogon dutsen Rop a 1944. A 1947 aka mayar da shi mataimakin Murray, ya bar layin da zai iya kai shi kujerar Razdan, ya koma ofishin da ba shi da kuɗi, ba shi da ma'aikata, ba shi kuma da wani kwarjini a idon manyan gwamnati.

Su biyun sun yi imani da cewa kayan tarihin Najeriya a Najeriya ya kamata su zauna, kuma hakan ba zai yiwu ba sai da gini da doka. A 1952 Fagg ya buɗe Gidan Tarihi na Jos, wanda ya biyo bayan ƙaramin da aka yi a Esie a 1945, nan kuma kan Jama'a ya sami mazauni. A 1953 aka kafa Dokar Kayan Tarihi, wadda ta hana fitar da su daga ƙasa ba tare da izini ba. A 1957, shekarar da aka buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa a Legas, Fagg ya gaji Murray a matsayin daraktan sashen, ya riƙe shi har bayan samun 'yancin kai, yana aiki ƙarƙashin ministocin Najeriya.

Aikinsa bai tsaya a Nok ba. Ya yi tono a Ile-Ife a 1953. Ya nazarci zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, a Jihar Jigawa ta yau, kuma a can ya lura da wasu duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, ya rubuta bayaninsu a 1956. Shi ne kuma ya gayyato Thurstan Shaw ya zo ya tona Igbo-Ukwu a 1959, aikin da ya fito da kayan tagulla na kusan ƙarni na 9. A farkon shekarun 1960 aka kafa cibiyar koyar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da taimakon UNESCO, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi da masu amfani da Faransanci.

A daidai wannan zamani ne malaman Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike, suka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a 1955, cikinsu har da H.F.C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna. Manufar ƙungiyar ita ce ta nuna cewa Afirka tana da tarihin kanta tun kafin zuwan Turawa, a lokacin da wasu manyan malaman Turai ke musun haka a fili. A 1959 Fagg ya buga bayani mai tsawo kan Nok a mujallar ƙungiyar. Masu rubuta tarihi daga takardu da labaran baka sun sami hujjar da za a iya riƙewa a hannu, wadda ta girmi duk wata takarda da suke da ita da fiye da shekara 1,000.

Taruga da tambayar ƙarfe

Wata matsala ta daɗe tana damun Fagg. Kusan duk kayan da ya tara ruwa ne ya kwaso su daga inda aka bar su tun asali, ya binne su cikin yashi da tsakuwar kwari tare da kuza. Abin da ruwa ya kawo ba ya faɗin gidan da ya fito, ko abin da ke kusa da shi, ko shekarunsa. Ya aika gutsattsarin itacen da aka samu cikin laka ɗaya da kayan zuwa ɗakunan gwaji, inda ake auna raguwar wani nau'in sinadarin kabon da ke jikin duk abin da ya taɓa rayuwa. Daga sakamakon ya ƙiyasta cewa mutanen Nok sun rayu tsakanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa shekara 200 bayanta. Amma yana bukatar wurin da ruwa bai taɓa ba.

Ya same shi a Taruga, kudu maso gabas da Abuja. A tonon da ya yi a can cikin shekarun 1960, ya tarar da gutsattsarin mutum-mutumin Nok da tukwane a inda masu su suka bar su, tare da murahun narka tama guda 13, da kashin ƙarfe, da bututun yumɓun da ake zura iska ta cikinsu. Gawayin da ke cikin murahun ya nuna shekaru ɗaruruwa kafin Miladiyya. Wannan ya sa Taruga ta shiga jerin tsofaffin wuraren narka ƙarfe da aka sani a kudu da Sahara, ya kuma buɗe muhawarar da masana ke yi har yau: ko wannan ilimi ya ƙetaro hamada ne daga arewa, ko kuwa a nan aka ƙago shi. 'Yarsa Angela, wadda ita ma ta zama masaniyar tono, ta yi aiki a Samun Dukiya cikin kwarin Nok, inda ta sami alamun mazaunin mutane. A 1970 wani gwaji na daban, mai auna lokacin da yumɓu ya shiga wuta na ƙarshe, ya sa kan Jama'a a wajajen shekara 500 kafin Miladiyya.

Komawa gida

Fagg ya ajiye muƙamin darakta a 1963, ya koma Ingila ya shugabanci Gidan Tarihi na Pitt Rivers a Jami'ar Oxford, ko da yake ya riƙa dawowa don aikin Taruga. A Oxford ya sa ƙarfinsa wajen neman gina sabon mazauni mai faɗi, zagayayye, wanda fitaccen injiniyan Italiya Pier Luigi Nervi ya sa hannu a zanensa. Kuɗi ba su samu ba, ginin bai tashi ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raunana shi, ya yi ritaya a 1975. Duk da haka ya kammala littafinsa kan mutum-mutumin Nok, wanda ya fito a 1977. Ya rasu a Oxford ranar 14 ga Agusta, 1987, yana da shekara 71. Bayan shekara goma matarsa Catherine ta fitar da littafi kan duwatsu masu amo, binciken da suka fara tare a Najeriya.

Abin da ya biyo baya

Sunan da Fagg ya samar wa Nok ya jawo mata masana, ya kuma jawo mata 'yan kasuwa. Najeriya ta ƙara tsaurara doka a 1974, sannan a 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ta gaji sashen da ya shugabanta. Amma a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da talauci ya tsananta, haƙa ta ɓarauniyar hanya ta bazu a ƙauyuka. Dillalai suna biyan manoma abin da bai taka kara ya karya ba, kayan su bi ta Kwatano ko Lome, su ɓulla a kasuwannin Turai da tsada mai yawa. Duk ramin da aka tona ta haka ya lalata abin da Fagg ya yi shekaru yana nema, wato sanin me ke kusa da me, kuma a wane zurfi. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗarin sata. A shekarar ce kuma aka baje wasu a Louvre da ke Paris, waɗanda Faransa ta saya daga hannun wani dillali, abin da ya tayar da ƙura. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ce, aka bar mata su aro na shekara 25.

Daga 2005 masana na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da abokan aikinsu na Najeriya, sun ɗora daga inda ya tsaya, suka kafa sansani a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko. Bincikensu ya gyara ƙiyasinsa: farkon al'ummar ya koma wajajen shekara 1500 kafin Miladiyya, ginin mutum-mutumi ya fara a wajajen 900, narka ƙarfe ya zo daga baya, al'adar kuma ta ɓace a kusan farkon Miladiyya. Sun gano cewa mutanen suna noman gero da wake, kuma gwajin da aka yi wa tukwanensu ya nuna alamar zuma. Sun kuma lura cewa ana binne mutum-mutumin a farfashe kusa da jerin duwatsun da ake kyautata zaton kaburbura ne. A Fabrairun 2017 masu garkuwa da mutane suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a yankin, suka kashe mutum biyu 'yan garin da suka bi sawu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma tono a filin ya tsaya.

Wa zai riƙe gadon?

Masana suna taka-tsantsan wajen danganta mutanen Nok da wata ƙabila guda ta yau, domin shekara 2,000 ta isa mutane su yi ƙaura, harsuna su sauya. Sunan Nok laƙabi ne da Fagg ya ara daga ƙauye ɗaya ya sa wa yanki mai faɗin gaske. Duk da haka, ƙasar da kayan ke kwance a cikinta gonakin mutane ne: na Ham a Kwoi da Nok, na Bajju a kewayen Zonkwa, na Atyap, da na maƙwabtansu har zuwa Kagarko da gefen Abuja. Manomin da garmarsa ta bugi guntun yumɓu shi ne ke fara yanke shawarar ko abin zai je gidan tarihi ko hannun dillali.

A nan akwai abin dubawa a Masar. Ƙibɗawa, Kiristocin ƙasar waɗanda tsohon harshensu ya rage a coci kawai, ba su jira baƙi su adana musu tarihi ba. Markus Simaika ya kafa Gidan Tarihin Ƙibɗawa a tsohuwar Alƙahira a 1908, ya tara masa kaya daga tsofaffin majami'u da gidajen sufaye. A 1934 Mirrit Butrus Ghali ya kafa ƙungiyar nazarin kayan tarihin Ƙibɗawa, mai ɗakin karatu da mujallar da masana daga ko'ina ke rubutu a ciki. Ƙungiya irin wannan takan tara takardu, ta koyar da harshe, ta buga bincike, ta kuma zama idon da ke lura da abin da ake fitarwa daga ƙasa. Ƙungiyoyin raya al'adu na Kudancin Kaduna, waɗanda ke shirya bukukuwa irin su Tuk Ham, da masu rubuta Jju da Tyap da Hyam, suna da tushen da za a ɗora irin wannan aiki a kansa, in hukumar tarayya ta ɗauke su abokan aiki.

Fagg ma'aikacin gwamnatin mallaka ne, kuma damar da ya samu ta fito daga haƙar da ta ci rayukan talakawa. Wannan yana cikin tarihinsa. Yana cikinsa kuma cewa wani abu ya iso teburinsa wanda ba ya cikin jadawalin aikinsa, bai tura shi ɗakin ajiya ba kamar yadda aka yi da na 1928, ya tashi ya bi sawunsa, ya nemi doka da gini da ma'aikatan da za su tsare shi bayan tafiyarsa. Dokar da ya taimaka aka kafa, da hukumar da ta gaje shi, da kasafin da ake ware mata, da takardar izinin fitar da kaya, da jami'in kwastan da ke bakin iyaka, duk yanzu suna hannun ma'aikatan tarayya ne a Abuja, tafiyar da ba ta da nisa daga murahun Taruga.